Ƙofar da Waliyi Rokko Ya Rusuna Wa

3 ga Agusta, 1997

Zuwa ga Yayata Nunziata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara a Torino. Matata Assunta tana gaishe ki, ta ce don Allah ki daina aiko mata rigar sanyi a tsakiyar zafi.

Yaya, ba zan ja ki da nisa ba. Ranar Talata ina jan tarakta a gonar tumatir ta Baba Saverio, sai wata mata cikin 'yan Albaniya masu tsinka ta yanke jiki ta faɗi. Drita sunanta, da cikinta wata shida. Tun safe take duƙe a rana, kuma ba a ba su ruwa sai sun cika akwati ashirin. Shugaban lebura ya ce in ɗora ta a tirela in ajiye ta bakin titi, kada a ce a gonarmu ta faɗi. Na ɗora ta, amma asibiti na kai ta. Ita ta tashi, cikin bai tsaya ba.

Su goma sha tara ne a tsohuwar rumfar taba da ke bayan maƙabarta, fasfo ɗinsu duka yana kulle a durowar Baba Saverio. Ba su iya tafiya, ba su iya kai ƙara. Shekara nawa ina wucewa ta gabansu ina kawar da kai? Yau Lahadi a coci kunya ta hana ni tashi in karɓi Jibin Ubangiji.

Saura kwana goma sha uku bikin Waliyi Rokko. Kin san ni ke riƙe da ƙararrawa tun rasuwar babanmu. In na kaɗa, maza ashirin da huɗu masu ɗauke da mutum-mutumin waliyi za su tsaya su rusunar da shi, kuma ƙofar da ya rusuna wa, shekara guda ba mai taɓa na cikinta ko ya ba da shaida a kansu. Shekara talatin gidanmu yana yi wa Baba Saverio wannan. Bana ba zan kaɗa a ƙofarsa ba.

Ki sa ni a addu'a.
Ƙanenki, Kosimo

9 ga Agusta

Kosimo,

Muna lafiya, ko in ce muna lafiya kafin wasiƙarka ta zo. Gai da Assunta, ka ce mata ina yi mata jajen miji.

Wai me ya shiga kanka? Baba Saverio shi ya riƙe ka ranar baftismarka, ya tsaya maka uba. Taraktar da kake ja tasa ce, gidan da kake kwana a filinsa yake. Ka kai matar asibiti, Allah ya saka maka, ya isa haka. Kai ne ka fi Fada Vito, limamin cocinmu, sanin addini? Shi ma a baranda yake shan kofi da Baba Saverio. 'Yan Albaniyan nan ma ba 'yan cocinmu ba ne, da an gama tumatir za su tafi, kai kuwa a nan za a binne ka.

Ga shawara, in kana da kunnen ji. Ka ce bayanka ya riƙe, ka kwanta, ka miƙa wa wani ƙararrawar. Hannunka bai kaɗa ba, gidanka bai tafi ba.

Ni na goya ka, Kosimo, har yanzu ina jin nauyinka a bayana. Tsoro nake ji, shi ya sa nake faɗa.

Allah ya shirye ka.
Yayarka,
Nunziata

17 ga Agusta

Yaya Nunziata,

Ina gaisuwa. Na karanta wasiƙarki sau uku, na kusa bin shawararki. Amma in na kwanta wani ya kaɗa, ai ni na kaɗa, sai dai da hannun aro. Zancen ba 'yan cocinmu ba kuwa, shi Waliyi Rokko ɗan garinmu ne? Baƙo ne, mara lafiya, sai kare ne ya tausaya masa ya kai masa burodi. Almasihu bai wanke mu da jininsa don mu ci naman marasa ƙarfi ba.

Jiya da la'asar muka fito da waliyi. Baba Saverio yana baranda cikin farar kwat, an rataya darduma, ga teburin giya an jera wa masu ɗauka. Muka iso ƙofar. Na riƙe harshen ƙararrawar da yatsa na wuce.

Peppino, tsohon nan mai ɗaukar gaba, ya ce, "Kai Kosimo, barci kake? Kaɗa mana, kafaɗata ta mutu, ga giya tana kallona!"

Na ce, "Mu je, Baba Peppino."

"Mu je ina, ɗan banza? Ka san gidan wa muka wuce?"

"Na sani. Ka taɓa ganin an tsaya ba ƙararrawa?"

Ya yi tsaki, ya ce, "Tun kakana ba a taɓa ba. Allah ya isa tsakanina da kai."

Suka biyo ni, Yaya, suna zagina amma suna biyo ni, domin ba wanda zai yarda a ce shi ya fara sauke waliyi ba izini. Masu kaɗe-kaɗe suka yi shiru. Na karya kwana zuwa hanyar maƙabarta, gari duka a bayanmu, Fada Vito yana ta share gumi.

Da 'yan rumfar suka hango taro sai suka ruga ciki, sun zaci 'yan sanda ne. Drita kaɗai ta rage, zaune a kan akwatin tumatir, don ba ta iya gudu. Na kaɗa sau uku. Ba wanda ya motsa.

Sai Peppino ya dubi matar, ya dubi rufin kwali da bokitin da suke sha, ya ce, "A nan suke kwana? Mutum goma sha tara?" Ya juya ga sauran. "To me kuke jira? Tunda mun zo, a yi shi da kyau." Shi da gwiwarsa mai ciwo ya fara durƙusawa, sauran suka bi shi, waliyi ya rusuna wa ƙofar rumfar.

Yau da safe aka karɓe makullin tarakta. Assunta ta yi kuka, ta gama, ta ɗora tukunyar wake ta kai rumfar. Ta tarar mata huɗu sun riga ta.

Kada ki yi fushi da ni da yawa.
Kosimo

19 ga Agusta

Zuwa ga Kosimo Laviola,

Bayan gaisuwa. A matsayina na shugaban kwamitin biki, ina sanar da kai cewa an sauke ka. Ƙararrawar nan kakana ne ya ba coci, ka dawo da ita gidana kafin Lahadi. Gidan da kake ciki ina bukatarsa ƙarshen Satumba.

Na ɗauke ka ɗa. Hannun da ya riƙe ka a gaban bagaden coci ka tozarta a gaban jama'a. Allah yana gani.

Saverio Martorano

20 ga Agusta

Baba Saverio,

Ina gaishe ka da girmamawar da ɗa ke yi wa uban baftismarsa. Gida za ka same shi a share kafin ranar da ka faɗa.

Ranar da ka riƙe ni, kai ka amsa a madadina cewa na rabu da mugunta. Alkawarinka nake cikawa.

Ƙararrawa tana rataye a ƙofar rumfar taba, daga ciki. Ka san ba ɗan garin nan da zai yarda ka aike shi ya taɓa ƙofar nan bana. Sai dai ka zo da kanka, da rana, ka yi sallama. Ka taho da fasfo goma sha tara. Drita ce za ta buɗe maka.

Ka huta lafiya.
Ɗanka, Kosimo