Zumar Jegon Hannatu

Litinin, 8 ga Yuli
Bakina ya ja mini. Jiya a ƙofar masallaci na ce ran gayyar gonar Liman sai na bar Is'haƙa baya da layi biyu. Taubashina ne, ba a barin shi da magana. Yau na tafi gonata in gwada kaina, na duƙa, baya ya ƙi miƙewa. Da amalanken jaki aka maido ni.

Talata, 9
Matata Ajuma ta gasa mini baya. Ta ce, "Malam, shekarunka sun fi haƙoranka yawa." Wajen neman man zafi na ga kwalbar zuma bayan kwanoninta. Daga kasuwar Kiéché ta sayo, ta aje don kunun jegon ɗiyarmu Hannatu, watanta ya tsaya. Can lakwal, makarantar boko, kafin su kore ni a aji huɗu, mushe malaminmu ya ce zuma na kashe gajiya. Abin da na riƙe ke nan. Na sha cokali ɗaya.

Laraba, 10
Ukku. Na ji kamar in ɗauki jaki.

Juma'a, 12
Kwalba ta yi rabi, sannan ta wuce rabi. Na dafa sukari na cika ta. Launi bai yi ba, na ƙara ganyen shayi. Allah na gani, amma Ajuma na kasuwa.

Asabar, 13
Gayya. Layin farko na tashi kamar ɗan shekara ashirin, makaɗi har ya kama sunana. Na biyu ma. A na ukku zuma ta ce nan muka yi da kai. Na farka gindin gawo, ƙudaje sun taru a gemuna, Is'haƙa na yi mini fifita da hulata. Ya ce, "Tashi, sarkin noma, hura ta iso, nan ne ba a kada ka."

Alhamis, 18
Hannatu ta sauka lafiya, mace. Ajuma ta tsiyaya kwalba cikin kunu, abu ya zubo kamar ruwan rijiya. Ta dube ni. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi. Hannatu ta kurɓa ta ce, "Baba, ƙudan zuman bana shayi suke sha?" Ta shanye duka don kar in ji kunya. Ban yi dariya ba.

Asabar, 20
Na tafi wurin Is'haƙa, yana da amyar zuma. Ya ba ni kwalba cike, ya ce ba ya son ko dala: noman kwana ukku a gonarshi, shi yana inuwa yana kirari. Na kawo ma Ajuma, ban ko sansana ba. Ta sa a akwati ta kulle, makulli a wuyanta.
An aza mini jikar a hannu, wai ga amaryata. Da ta kama yatsana na ji ba ni da sauran wanda zan tsere ma.
Jibi gonar Is'haƙa. Na gaya mishi a hankali zan yi, kuma ya rage mini wuri a inuwar.