Wa Ya Sa Manhajarmu Ƙirga Shanun Mutane?

Zuwa ga Injiniya Bukar Goni, shugaban masu kula da manhajar Rumfa.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Na fito fili ne domin sau uku ina aiko maka saƙo tsakanina da kai, ko uffan ba ka ce ba.

Ni mai gyaran waya ne a Hausari, Potiskum. Shekara huɗu ke nan ina aikin sa kai a wannan manhaja ta dandalin tattaunawa, wadda kowa ke da ikon buɗe cikinta ya karanta, ya gyara. Ni na ɗora wa makiyaya da dillalan shanu ita, suna cigiyar dabbobinsu a kai. Ba da sauƙi suka yarda ba. Sai da na durƙusa gaban Ardo Buba a Ngojin, na dafa ƙirji cewa babu abin da zai fita daga wayarsu sai abin da suka faɗa da bakinsu.

1. A sabon zubin manhajar da kuka fitar, cigiya ba ta tafiya sai mutum ya rubuta yawan garkensa, wayar kuma ta nuna inda yake tsaye. Haba Injiniya. Makiyayi ko surukinsa ba ya faɗa wa yawan shanunsa, ka san haka sarai. Mai cigiyar saniya launinta yake faɗa, da ƙahonta, da tsagar kunnenta. Me ya kawo sauran garken?

2. Ƙa'idarmu ita ce mutum biyu su duba kowane gyara kafin a shigar da shi. Na bi tarihin gyare-gyaren layi-layi. Wanda ya rubuta wannan gyara na ƙirga garke, ban taɓa ganin sunansa ba. Da safe ya yi rajista, kafin azahar ka sa masa hannu kai kaɗai. Nawa gyaran na saƙon murya, domin waɗanda ba su iya karatu ba, wata biyar yana jiran layi.

3. Bayanan ba sa tsayawa wurinmu, wucewa suke zuwa wata na'ura da ba tamu ba. An rubuta wai don ƙididdiga ne. Ƙididdigar wa? A ƙasar da ake kore garke sukutum, sanin yawan shanu da inda suke kiwo ba masu bincike kaɗai yake wa amfani ba. Ban ce an sayar da mu ba. Amma raina bai kwanta ba, kuma wallahi tsoro nake ji.

Roƙona a cire gyaran nan, a faɗa mana mai na'urar, a goge abin da ya riga ya tafi, mutum biyu su shaida an goge.

Kafin nan, na rufe dandalin cigiya na Potiskum, wanda nake kula da shi, da hannuna. Jiya wani dattijo daga Danchuwa ya zo shagona, karsanarsa mai ciki ta ɓata, yana so in sa masa cigiya a manhajar. Aikin minti biyu ne, da rabin dillalan kasuwa sun gani. Na ce masa ba zan iya ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗauki sandarsa ya kama hanyar daji a ƙafa.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka daga cin amanar da ba ka yi niyya ba.

Wassalam, ina sauraronka.

Adamu Maina,
Hausari, Potiskum.