Katangar Zauren Alhaji Sulaimanu

Agadas, 12 ga Maris, 2019

Ɗana Abdussalam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da matarka da yara, da duk mutanen unguwarmu ta Hausare. Yaya zafin Garwa? Mu nan lafiya lau. Yayarka ta sauka lafiya, an sami mace, uwa da 'ya suna cikin ƙoshin lafiya.

Da hannuna na rubuta wannan, yayarka za ta ɗauki hotonta ta turo maka, domin na san saƙon murya rabi kake saurara ka ce ka ji.

Kwana huɗu muka yi a hanya, ta Yola da Kano da Damagaram. Daga wani wuri itatuwa suka fara gajarta, har suka ƙare, sai yashi da dutse. A lise, wato sakandare, an koya mana Sahara a taswira, na ma ci jarrabawa a kanta, amma ban san komai ba sai da na ga sama ta sauko ta taɓa ƙasa ta kowane gefe. Muna cikin haka direba ya nuna mana wani abu tsaye can nesa, ja kamar garwashi. Hasumiyar babban masallacin Agadas ce. Ni da ba na rasa magana, tasbihi kawai na iya.

Sai dai garin duk ginin ƙasa ne, har gidajen masu hali. Na tausaya musu.

Wannan ya kawo ni ga maganarmu. Kafin in taho na ce a shafe katangar zauren mahaifinka da siminti, ciki da waje, kafin damina. Na gaji da ganin tsaga a gidan da kakan mahaifinka ya gina tun zamanin da jiragen ruwa ke hawowa Binuwai da kaya. Maƙwabta duk sun yi siminti, mu kaɗai muka rage kamar ba mu da 'ya'ya. Barthélemy magini ya ce siminti zai kashe katangar, na sallame shi, domin ban ɗauko shi daga Mokolo don ya yi mini wa'azi ba. Ka nemi wani. Kada in dawo in tarar da uzuri, na san halinka na gobe-gobe. Namiji da iyali ba ya barin aikin yau ya kwana.

Ka gaishe da kowa. Ka riƙe salla a kan lokaci.

Mahaifiyarka,
Kaltumi

Agadas, 24 ga Maris, 2019

Ɗana Abdussalam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ka karanta wannan har ƙarshe kafin ka yi komai. In an fara aikin siminti, a tsaya yau.

Bayan suna, kawun mijin yayarka, wani dattijon magini da ake kira Malam Agali, ya zagaya da ni tsohon gari. Lunguna ne siraru, wani sai ka karkace kafin ka wuce, kuma da ka shiga sai sanyi ya sauko maka kamar an buɗe randa. Mun wuce ƙofar fadar Sarkin Abzin. Mun shiga wani tsohon gida da ake kira gidan mai burodi, bangon ciki duk zane ne da aka yi da laka, har rufi. Na daɗe ina kallo. Mutum ya yi wannan da yatsunsa, ya mutu, aikin yana nan.

Daga nan muka tsaya a gindin hasumiyar. Abdussalam, na ɗaga kai har mayafina ya zame. An ce tsawonta ya kusa mita talatin, kuma ba ƙarfe ba siminti, ƙasa ce kawai irin wadda muke takawa. An ce asalinta ya kai shekara ɗari biyar, kuma a da daga samanta ake hango ayarin raƙuma da mahara tun suna nesa. Ban hau ba saboda gwiwoyina, amma na ɗora tafin hannuna a jikinta. Da ɗumi, kamar jikin mai rai.

Jikinta duk itatuwa ne sun fito waje jere-jere. Na tambaya ko ado ne. Malam Agali ya yi dariya ya ce matakala ce. A kansu magina ke tsayawa idan lokacin sabon yaɓe ya yi, mutanen gari na kwaɓa ƙasa suna miƙa musu. Wato wanda ya gina ta ya san za ta tsage, sai ya bar wa jikokinsa wurin taka ƙafa. Kakansa ya hau, ubansa ya hau, shi ma ya hau. Ya nuna mini sawun yatsu a bango, ya ce ƙarƙashin waɗannan akwai wasu, ƙarƙashinsu ma akwai wasu.

Ni kuwa da bakina, don in nuna mu ma mun ci gaba, na ce a Garwa siminti muke shafa wa irin wannan mu huta. Ya ja ni bayan wani lungu ya nuna mini gidan da aka yi wa haka. Simintin na tsaye kamar ɓawon ƙwai, katangar da ke bayansa ta zube. Ya ce bangon ƙasa yana shan ruwa ya fitar, kamar tulu. In ka rufe shi, ruwa zai sami ƙaramar kafa ya shiga, ya rasa hanyar fita, ya ci bangon daga ciki ba wanda ya gani. Ya ce nan da ruwa ba ya da yawa ke nan, ina ga garinku mai kogi.

Kalmomin Barthélemy ne, ba ragi. Shi na kore shi, wannan kuma na yi masa godiya.

Tun jiya muke kiran wayarka ba ta shiga. Matarka ta ce ka tafi Ngawundere karɓar kaya a tashar jirgin ƙasa, ita kuma ta ga an sauke buhunan siminti a ƙofar gida. Ban iya cin abincin kirki ba. A zauren nan aka ɗaura aurena, a nan aka yi wa mahaifinka salla. In ya faɗi a daminar bana, da umarnina ya faɗi.

Ka amsa mini da zarar ka gani.

Mahaifiyarka,
Kaltumi

Agadas, 3 ga Afrilu, 2019

Ɗana Abdussalam,

Assalamu alaikum. Saƙonka ya iso, na saurare shi sau uku har ƙarshe. Alhamdu lillahi. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da iyalinka.

To, ashe buhunan suna nan ba a buɗe ba, domin kwana goma sha biyu kana cewa gobe za ka nemi magini. Wannan karon jinkirinka ya yi rana. Kada ka ɗauka na yabe shi. Allah ne ya rufa asiri, ba kai ba.

Na ji daɗi da ka je wurin Barthélemy da kanka, ba aike ka yi ba. Abin da ka faɗa game da gindin katangar gabas ya sa jikina ya yi sanyi. Ni na sa aka shafa wa wurin ɗan siminti shekara uku da suka wuce, ina alfahari da shi. Ka ce da ya fasa shi, ƙasar bayansa danya ce a tsakiyar rani, hannunsa ya shige har wuyan hannu. Da an rufe sauran, ban san abin da zan tarar ba. Ka gaya masa Hajiya ta ce ta yi kuskure, ya yi haƙuri. Ka faɗa masa haka daidai, kada ka gyara mini magana. In na dawo zan maimaita a gabansa.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Kowace shekara kafin ruwan farko mahaifinka yakan tuɓe babbar riga ya yi yaɓen zauren da hannunsa, ni kuwa ina yi masa faɗa cewa Alhaji guda ba ya wasa da laka. Shekara shida da rasuwarsa, ba wanda ya sake yi wa bangon yaɓen ƙasa. Na yi ta zagin katanga ina cewa ta tsufa, alhali mu ne muka daina zuwa gare ta.

Jiya da la'asar na koma gindin hasumiyar ni kaɗai. Tsuntsaye na zaune a kan itatuwan nan, rana ta mai da ita kamar jan ƙarfe. Na yi wa mahaifinka addu'a a wurin.

Ka mayar da simintin ko ka ba masu gyaran rijiyar masallaci. Ka tsaya tare da Barthélemy ka koyi kwaɓin, ka tuɓe riga ka sa hannu, yaranka su gani. Zan taso ranar Litinin in Allah ya so. A dama da ƙofar zaure, daidai kafaɗata, ku bar mini wuri kamar faɗin faifai, kada kowa ya taɓa. Ku ajiye mini ƙasa a jiƙe. Ni zan yaɓe shi.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
Kaltumi