Tun da Irmiya Ya Tafi Laberiya

Talata, 3 ga Nuwamba, 1992
Kwana goma sha tara da tafiyar Irmiya. Rediyo ta ce jiragenmu sun yi ruwan bama-bamai a wajen Monrobiya. Mijina ke tuƙa ɗaya daga ciki. Yau a aji na rubuta lissafi a allo, amsar ta ɓace mini.

Juma'a, 13 ga Nuwamba
Ana ta raɗe-raɗin an harbo jirgi. Daga garinmu Doka na tafi barikin sojan sama, na tsaya bakin ƙofa tun safe har azahar. Wani kofur ya ce, "Madam, ki koma gida, ba mu da labari." Ya Ubangiji, ko ba ƙafa, ko ba ido, ka dawo mini da shi.

Asabar, 14 ga Nuwamba
Ba shi ba ne. Na durƙusa a kicin na yi ta kuka.

Lahadi, 20 ga Disamba
Ya dawo hutu, ko ƙwarzane babu. Kande ta rugo tana "Baba, Baba," ya tsaya yana kallonta, bai ɗauke ta ba. Shekararta huɗu, me ta sani?

Juma'a, 25 ga Disamba
Ya ƙi zuwa coci. Shinkafar ma bai taɓa ba.

Talata, 29 ga Disamba
Ina shanya ya zo ya tsaya bayana. "Maman Kande, motoci ne a hanya, na 'yan tawaye. Na sako musu bam. Da na juyo sai na hango masu gudu, wasu da kaya a ka." Na ce yaƙi ne, umarni ka bi. Ya ce, "Mayaƙi ba ya gudu da tabarma." Na ci gaba da shanya.

Alhamis, 7 ga Janairu, 1993
Kande ta fasa kofi. Tsawar da ya daka mata sai da ta yi fitsari a tsaye. Daga baya ya zauna a ƙasa yana roƙonta gafara, ta ƙi fitowa daga bayana. Na roƙe shi ya ga fasto, ko likitansu. Ya ce in ya faɗa za su hana shi tashi da jirgi. To su hana mana. Wa zan gaya wa? Mamarsa cewa take jarumi ta haifa.

Talata, 12 ga Janairu
Da safe mota ta zo, ya koma. Na raka shi har titi, na yi masa addu'a yadda ya kamata. Da rana Kande ta yi waƙa a tsakar gida, rabon da in ji muryarta haka tun kafin Kirsimeti. Na ci tuwo na ƙara. Mijina ya koma yaƙi, ni kuwa hankalina kwance; ba ni da lafiya ne, ina jin. Ban tambaye shi ranar dawowa ba.