Baba Malam Ya Zaɓi Makaranta da Kunne

Talata da dare, farkon Satumba

Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Yau muka fita neman wa 'yan biyuna Hassana da Usaina lakwal, wato makarantar boko, tunda Hausa da Mina sun zauna a bakinsu, saura Faransanci. Surukina Baba Malam ya ce ƙafarsa ƙafata, shi da ya shekara arba'in yana karantar da allo a Zongo.

Ta unguwar Kégué ta kwanta min sosai. Ga tsabta, yara sun duƙufa suna rubutu. Baba ko ƙofa bai shiga ba. Ya kara kunne a katanga ya ce, "Ɗiyata, nan ba a karatu. Makaranta shiru kamar gidan makoki?"

Ta Hanoukopé kuwa tun daga bakin titi ake jin ihu. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Masha Allah, ga ilimi yana tashi!" Na leƙa ta taga. Babu malami a ajin, yara ne ke kiɗa a kan tebur, wani ma ya hau benci yana rawa. Na gaya masa, ya ce ai shauƙin karatu ne.

Baban yara kuma, wai abin da Baba ya ce shi ke nan. Haushi kamar in fashe.

Da la'asar na kira madam shugabar makarantar Kégué, na tambaye ta yaushe ake sakin yara wasa. Ta ce ƙarfe goma, yara ɗari uku a fili ɗaya.

Na roƙi Baba ya sake sauraron ta Kégué gobe. Goma daidai za mu isa. Allah Ka yafe min.