A kwance bandejin ƙafar Inna

Utaiƙa, Riyad

Zuwa ga yayata Hansai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Jibirilla da sauran iyali. Allah ya ƙara wa Inna sauƙi, ya sa kaffara ce, ke kuma ya saka miki da aljanna a kan ɗawainiyar da kike yi da ita ke kaɗai, mu muna nesa sai dai mu buga waya mu yi ta ba da umarni kamar wasu likitoci. Barkanmu da saukar ƙanwarmu Rukayya lafiya, Allah ya raya jaririya. Ni nan jikina ƙalau. Tuƙi na nan yadda kika san shi, in kai matan gidan kafilina, wato Balaraben da nake yi wa aiki, kantunan unguwar Ulaya, in zauna a mota ina jiransu har ƙafa ta yi tsami. Sai dai zuciyata ba ƙalau take ba, Yaya. Kin san ni ba ma'abocin rubutu ba ne, amma sau uku ina kiran waya da niyyar faɗin wata magana, da Inna ta karɓa ta fara sa mini albarka sai bakina ya mutu. Shi ya sa da na ji Malam Talha, ɗalibin nan ɗan unguwarmu, zai taho gida hutu ranar Alhamis, na ce bari in rubuta ya riƙo miki tare da wani ɗan ƙunshi.

Abin da ya tayar mini da hankali hoton ranar suna ne da mijin Rukayya ya turo. Inna na zaune a tabarma rungume da jaririya, ta miƙe ƙafa. Kowa jaririyar yake kallo, ni kuwa idona ƙafar Inna ya faɗa. Na buɗa hoton har ya dushe. Bandejin nan da na aiko bara saboda kumburin ƙafarta ya zame ya tattare a idon sawu, can sama kuma ƙarƙashin gwiwa na ga an ɗaure bakinsa da baƙar roba irin ta ɗaure kaya a babur. Yatsunta sun kumbura suna ƙyalli, launinsu bai yi mini ba ko kaɗan.

Ba haka kawai na tsorata ba, na ga abu ne da idona. Akwai wani maƙwabcin ɗakinmu, Laouali, mutumin Maraɗi, birkila ne. Watan jiya ya gurɗe a wurin gini, ya samu wani tsohon bandeji ya naɗe. Da ya ga yana ta zamewa sai ya ɗaure shi tamau da roba daga sama, ya ci gaba da fita aiki, da shi yake kwana da shi yake tashi, don tsoron kada a ce ya yi fashi. A kwana na uku har murna yake yi mana, wai ciwon ya daina gaba ɗaya. Ashe ƙafar ce ta daina jin komai. Ranar Juma'a bayan masallaci ya kwance don ya wanke, wallahi Yaya sai da na kau da kai. Ni na kai shi asibiti. Suka ce yana da ciwon suga bai sani ba, kuma da ya ƙara kwana ɗaya da ba maganar yatsu za a yi ba. Yatsu biyu suka cire masa. Yanzu yana kwance a ɗaki, mutumin da ke hawa bene hawa shida da bulo a kafaɗa. Inna kuwa kin fi ni sanin shekarun da ta yi da suga.

Da na ga hoton sai na kai wa wata nas 'yar Filifin da ke zuwa gidan kafilina kullum da safe tana naɗe wa wani tsoho na gidan ƙafafu, don shi ma kumburi yake fama da shi. Larabcinta a karye, nawa a karye, amma na fahimce ta sarai, don nuna mini ta yi. Ta ɗauko sabon bandeji ta ja ta saki, ya koma yadda yake nan take. Ta ɗauko wanda ya tsufa ta ja ta saki, ya tsaya a miƙe sororo kamar tsumma. Ta ce aikin bandeji ba a jansa yake ba, a komawarsa yake. Wannan ƙoƙarin komawar shi ne ke rungume ƙafa ko'ina daidai, in mutum ya taka naman ƙafar ya motsa sai bandejin ya bi shi ya dawo da shi, da haka ruwan da ya taru yake hawa sama. In robar cikinsa ta mutu, ko ƙato ne ya ja shi ba zai riƙe komai ba, sai dai ya zame ya tattare wuri guda ya shaƙe wurin. Ɗaure shi daga sama kuwa ta ce shi ne mafi muni, don jini zai sauka ya rasa hanyar komawa. Ta ce ruwan zafi da shanya a rana su ke saurin kashe robar. Ina jin haka na tuna ni da bakina na ce miki ki riƙa wanke shi da tafasasshen ruwa ki shanya a rana, ki kuma ja shi da ƙarfinki in za ki naɗa. Ba laifinki ba ne ko ɗaya, abin da na faɗa kika yi.

To ga maganar da ta ƙi fita a waya. Nas ɗin ta ƙara duban hoton, ta ga shuɗin layin da ke gefen bandejin, ta ɗago ta dube ni, ta tambaye ni inda na samo shi. Yaya, ban sayi bandejin nan ba. A kwandon shara na bayan gidan kafilina na tsince su. Nas ɗin ce take zubar da na tsohon in sun yi 'yan makonni, ni kuma ina gani ina cewa a raina kai, Larabawa da almubazzaranci, abu fari tas ko yagewa bai yi ba a ce an yar. Na tara guda shida, na wanke su da ruwan zafi, na bi su da dutsen guga don su yi kama da sababbi, ashe ɗan sauran ran da ya rage musu nake ƙarasawa. Na naɗe su tsaf na zuba a ledar wani babban kantin magani na Ulaya, na ce wa Inna a can na sayo mata. Ba don ba zan iya sayen sabo ba, wayo ne kawai irin na wanda bai san abu ba, da son a ce Zayyanu ya yi bajinta. Tsintacciyar mage dai ba ta mage.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ƙaryar tawa ce yanzu ta ɗaure ƙafar, ba robar ba. Kin ce mini malamin asibitin garinmu ya ce a cire, Inna ta ƙi, kin yi magana ta ƙi, wai ɗanta ne ya sayo mata daga ƙasa mai tsarki, akwai albarka a jikinsa, kuma har baƙi take nuna wa ledar. Ni da nake Riyad, tsakanina da Makka tafiyar yini ce cur a mota, amma a wurin Inna duk abin da ya fito daga nan kamar an goga shi a jikin Ka'aba ne. Na san halinta kamar yadda kika sani. Muddin tana ganin kyautar ɗanta ce mai daraja, za ta bari a kwance da rana don ku yi shiru, ku juya baya ta mayar da abinta.

Don Allah ranar da takardar nan ta iso, kada ki jira gobe. Ki yanke robar nan, ki kwance bandejin, ki ɗora ƙafar a kan matashi. Ki taɓa yatsun ki ji ko da sanyi, ki danna farcen babban ki saki ki ga ko jini yana dawowa da wuri, ki tambaye ta ko tana jin hannunki. In ta ce miki ciwon ya daina, kada ki yi murna, abin da Laouali ya ce ke nan. Ko me kika gani, Malam Jibirilla ya taimaka a kai ta babban asibiti a ranar. A cikin ƙunshin akwai sababbi guda huɗu a rufe cikin kwalinsu, amma kada ki naɗa mata ko ɗaya sai likita ya duba ya yarda, don nas ɗin ta ce wasu masu suga jijiyoyinsu ba sa ɗaukar matsi sam. In ya yarda, ki tuna hannunki ya saba da jan matacce. Sabon nan yana da ƙarfi, in kika ja shi irin wancan jan zai ci gaba da matsewa da kansa bayan kin gama, garin gyaran gira a rasa ido. Rabin ja ya isa. Ki fara daga gindin yatsu ki hau zuwa ƙasan gwiwa, kowane zagaye ya rufe rabin na baya, yatsanki ya iya shiga ƙarƙashinsa, kuma a cire in za ta kwanta barci. Wanki da ruwan sanyi, shanya a inuwa, ba guga. Tsofaffin kuwa ki ƙona su duka shida, kada wani ya tsinta kamar yadda na tsinta.

Ki gaishe mini da Malam Jibirilla da godiya mai yawa, da Rukayya da maigidanta, da Gwaggo Azumi, da Baba Bature da mutanen gidansa, da duk wanda ya tambaye ni. Ku sa Laouali a addu'a.

Saura alfarma guda, ita ce mafi nauyi. Ki zauna kusa da Inna ki karanta mata takardar nan da bakinki daga farko har ƙarshe. Na san ki da rufa mini asiri tun ina yaro, za ki so ki tsallake wurin kwandon shara. Kada ki tsallake, Yaya, wurin nan kaɗai ne zai sa ta saki bandejin. In ta ji kunyar maƙwabtan da ta nuna wa leda, ki ce ta faɗa musu gaskiya, ni na jawo. In ta ce ba za ta ƙara ɗaukar wayata ba, na yarda, zan jira. Gara in dawo in tarar tana fushi da ni, ta tashi da ƙafafunta biyu ta shige ɗaki ta bar ni a tsakar gida.

Wassalam. Naki ƙane mai neman gafararku,

Zayyanu