Ɗan a Zaune Yake

Auta, raguwa kuma? Matarka ce raguwa don ta zaɓi a yi mata aiki? Ka gode Allah maƙwabciya ke rubuta mini, shi ya sa na rage zagin.

Likita ya ce ɗan a zaune yake, ɗuwawu ƙasa, kai sama. Kana sharar barci ungozomar da ka kira ta zo da kwalbar mai, wai za ta murza cikin ya juya. Na sallame ta. Mun tafi asibiti a sa ranar aikin. Ka biyo mu da jakar da ke bayan ƙofa.

Yayarka ta tare ni a tsakar gida, wai ai ni duk a ɗaki na haihu. Na ce, "Ƙwarai, sau tara. Ku nawa kuka rayu?"